Farashin Gurbi na Huɗu

Indianapolis, 22 ga Fabrairu

Yaya Earline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar? Ya Fada da matan coci? Ni lafiya lau, in ban da bayana da ya gaji da kujerar mota. Da waya tana yi miki amfani da na kira, amma tunda injinan kamfanin gwangwani suka tafi da kunnenki na dama, sai biro da takarda. Wannan maganar ma ta fi dacewa da takarda.

Na ga Renard jiya. An tara yaran jami'a masu wasan ƙwallon Amurka wajen ɗari uku a nan ana auna su kafin zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Afrilu. Suna jere daga su sai gajeren wando, mu masu duba wa ƙungiyoyi 'yan wasa muna zaune da littattafanmu. Aka kira sunansa, ya hau ma'auni. Tsawo ƙafa shida da inci huɗu, faɗin hannu inci goma. Na rubuta kamar yadda kowa ya rubuta. Yaya, yatsun matata Odile, mahaifiyarsa, ne da shi, har da ɗan karkacewar ƙaramin. Wannan ban rubuta ba.

Daga baya muka yi kiciɓis a baranda. Na miƙa masa hannu, ya karɓa, ya ce, "Sannu da aiki, yallaɓai." Haka yake ce wa duk wanda ya gani da littafi. Na ce, "Jifanka ya yi kyau yau." Ya ce, "Na gode, yallaɓai," ya wuce. Shekara goma sha bakwai ke nan da na ajiye miki shi yana ɗan shekara biyar, bayan mun binne mahaifiyarsa, na ce kakar wasa ɗaya zan yi a wannan aikin in dawo. Ban ga laifinsa ba.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kin san yadda zaɓen yake, ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka, a bi layi har a zo kan zakara. Mu a Omaha gurbi na sha bakwai muka samu. Renard kuwa, duk wanda ya san mai jifa, ɗan wasan da ke jefa wa sauran ƙwallo, ya san ba zai wuce na biyar ba a ɗauke shi ba. Shekaranjiya manajanmu, Mista Halvorsen, ya ja ni gefe ya ce masu gurbi na huɗu ba sa neman mai jifa, kuma suna so su sayar da gurbin. Ya ce, "Clovis, ba zan hau sama zuwa na huɗu don yaron nan ba sai ka ce in hau. Wa ya san shi kamarka?" Saura kaɗan in yi dariya. Na san a daƙiƙa nawa yake cinye yadi arba'in a guje, amma ban san ko yana shan kofi ba.

Ban gaya wa kowa ba, kafin in taho na je na duba wani gida a Omaha mai ɗaki biyu da ɗan baranda. Ba wai ina tsammanin zai zauna da ni ba. Amma ranar Litinin, bayan an sha duka a wasan ranar Lahadi jiki ya yi tsami, mutum yana son inda zai je ya ci jan wake da shinkafa kamar a gida. Tunanin nan ya hana ni sakat.

Kada ki gaya masa komai tukuna. Ki aiko amsa Omaha, can zan nufa gobe.

Ƙaninki,
Clovis

*

Opelousas, 3 ga Maris

Clovis,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, kunne yana nan yadda ka bar shi. Azumin kafin Ista ya shiga, kifi ranar Juma'a har ya fara fita raina. Fada yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko babu coci ne a Omaha.

Jan wake da shinkafa, kai? Kai da ko ƙwai ka soya sai an buɗe tagogi? Na yi dariya har maƙwabciyata Verna ta leƙo ta ga ko lafiya. Tunda kuma ka yi tambaya a fakaice, bari in ba ka amsa. Ba ya shan kofi. Madara yake sha kamar ɗan maraƙi, kuma ba ya cin kuɓewa a miyar gumbo, sai na tsame masa ita ɗaya bayan ɗaya, har yau da ya fi ƙofar kicin tsawo. Sa wannan a littafin naka.

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi, yau zan faɗa maka. Sau goma sha ɗaya ka je kallon wasansa a jami'a. Ba ni na ƙirga ba, shi ya ƙirga. Ya ce filin nasu ƙarami ne, daga ƙasa ana ganin fuskokin mutanen da ke ɗakin gilashin nan na sama inda kuke zama da 'yan jarida. Duk sanda ya yi jifa aka ci, fili ya ɗauki ihu, sai ya ɗaga kai ya dubi wajen. Kowa yana kallon fili, kai kaɗai ne kanka a sunkuye kana rubutu. Na ce masa a ɗakin nan doka ce, ba a tafi ba a ihu, haka ka taɓa gaya min. Ya ce, "Goggo, ai ba a hana ɗaga kai ba."

Kada ka ɗauka ba na so. Ina so ƙwarai. Shekarata sittin da shida, na yi nawa, kuma ina so in ga ranar da za ku zauna a teburi ɗaya ba ni a tsakaninku ina miƙa wa wannan maganar wancan. Amma na yi shekara talatin ina ciniki a kasuwar Asabar, ban taɓa ganin wanda ya ba da rumfar bakin ƙofa don Allah ba. Me za su karɓa a hannunku? Ka yi min bayani dalla-dalla, ba irin na masu rediyo ba.

Zai zo gida Ista. Ka sa rigar sanyi, ka daina cin abinci a tsaye.

Yayarka,
Earline

*

Omaha, 29 ga Maris

Yaya Earline,

Ki yi haƙuri da jinkiri, na zaga jami'o'i shida a mako uku. Ina fatan ƙafar ta ƙara sauƙi. Ki ce wa Fada akwai coci, har na san launin ƙofarsa. Ni lafiya, tari ne kawai, shi ma ya tafi.

Kin tambayi farashi, ga shi. Da farko gurbinmu na sha bakwai suka nema da na zagaye na biyu, don zaɓen zagaye-zagaye ake yin sa. Da suka fahimci Halvorsen ya ƙwallafa rai, sai suka ƙara. Yanzu suna son na sha bakwai, da na zagaye na biyu na bana, da na zagayen farko na baɗi, sannan a haɗa musu da Boyd Stroud, wanda ya yi shekara takwas yana mana wasa. A lissafin kasuwarki, mutum huɗu za mu bayar mu karɓi mutum ɗaya. Uku daga cikinsu ba mu san fuskarsu ba tukuna, shi ya sa bayar da su ba ya ciwo a yau. Sai nan da shekara biyu ake jin ciwon, in an duba fili an ga gurabensu babu kowa.

Tun da na fara aikin nan na ga irin wannan ciniki sau tara da idona. Uku suka yi riba. A sauran shidan ba yaran ne suka kasa ba, galibinsu suna da jifa. Halvorsen ya san wannan, amma masu ƙungiya sun gaji da kujeru babu 'yan kallo, kuma sunan Renard zai cika su. Kowane mutum a ofishin nan yana kallona, don sun ɗauka ni zan fi kowa cewa a hau.

Na zauna da kaset ɗin wasanninsa da na namu, na kalla har idona ya yi ja. In Halvorsen ya tambaye ni yau, zan ce masa kada ya hau sama don Renard. Farashin ya yi yawa.

Takardar ta cika, bari in ɗauko wata.

Ga dalilin. Mai jifa yana da mutum biyar a gabansa da ke tare masa mahara. Namu biyar ɗin, huɗu ba su da ƙwari, bara sau hamsin da takwas aka kayar da mai jifanmu. Stroud shi ne na biyar, shi ke tsare gefen hagu, gefen da mai jifa ba ya gani in ya juya zai yi jifa. Shi suke so. Guraben da suke nema kuma da su ne za mu ɗauko waɗanda za su gyara sauran huɗun. Wato abin da za mu biya mu kawo Renard, shi ne daidai abin da zai tsare masa haƙarƙari in ya zo.

Kin tuna mai jifan nan, Danny Kowalczyk? Shekara shida da suka wuce mun yi irin wannan cinikin dominsa, kuma ni ne na miƙe tsaye a ɗakin zaɓe na ce na tsaya masa. Ranar Asabar na tsallaka kogi na je shagon tayar da yake aiki a Council Bluffs. Shekararsa ashirin da tara. Hannunsa na dama ba ya wuce kafaɗa, kuma matarsa ce ke ɗaure masa igiyar takalmi da safe. Bai yi min fushi ba, da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ba ni kujera, ya ce, "Na ga yaronka a talabijin, Mista Malveaux. Allah ya jefa shi inda za a tsare masa baya." Masu gurbi na biyar, mutanen Portland, suna da irin wannan wurin. Sun sha kashi bara ne don mai jifansu ya tsufa, amma biyar ɗinsu na gaba shekara huɗu suna tare, ko ƙuda ba ya wucewa.

Ga hankali ya faɗi nasa. Amma Yaya, daga shagon Danny ban wuce gida ba, sai da na sake bi ta gaban gidan nan mai baranda. Kuma na sayi tukunyar ƙarfe, irin ta Mama. Tana nan a bayan mota, ban fitar da ita ba. Ina kewar yaron da ban ma sani ba, kuma wannan ce dama ta ƙarshe da zan ga yana shiga ƙofar da nake shiga kowace safiya. Saura mako huɗu. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Clovis

*

Opelousas, 13 ga Afrilu

Clovis,

Muna lafiya, an yi Ista lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don na yi ɓarna.

Wasiƙarka na karanta ta sau uku. Takarda ta biyun na kai ɗaki na sa a cikin littafin addu'a, saboda maganar Danny, ina so in riƙa tuna shi. Ta farkon na bar ta a kan teburin kicin, na ɗora mata gwangwanin gishiri, na manta. Ranar Asabar ina waje ina wanke ƙaguwar da za mu dafa, Renard ya shiga neman madara. Ka san ba na jin motsi ta dama. Da na shigo na same shi a tsaye da takardar a hannu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Goggo, ashe an yi cinikina." Na ce ya tsaya, akwai sauran takarda. Ya ce, "Wannan ma ta isa. Ya ce farashin ya yi yawa." Na tafi ɗaki da wannan ƙafar na ɗauko ta biyun, na miƙa masa, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Tun ina shekara biyar yake auna ni, Goggo. Gara da ya faɗi sakamakon." Ya ajiye takardar, ya mayar da gishirin a kai yadda ya same shi, ya fita ya ƙarasa min wankin ƙaguwar. Ranar Lahadi ya raka ni coci, ya ci abinci, ya yi wa 'yan Verna wasa. Jiya ya koma makaranta. Sunanka bai sake fitowa daga bakinsa ba.

Laifina na ɗauka. Yanzu ga naka, kuma ka karanta a zaune. Na yarda da maganar haƙarƙari, ni na yi jinyar duk ƙashin da ya taɓa targaɗewa a jikin yaron nan. Amma na san ka tun kana tsumma. Lokacin da Odile ta rasu ka ce aikin hanya ne zai ciyar da shi, kuma gaskiya ne, ya ciyar da shi. Lokacin da ya gama sakandare ka ce in ka zo za a ce kana tallata ɗanka, wannan ma gaskiya ne. Kullum dalilinka mai kyau ne, Clovis, kuma kullum ƙarshensa kana can yana nan. Shi ya sa nake tambayarka, bayansa kake tsarewa ko naka? Don in ya zo Omaha, ranar Litinin ɗin nan da kake mafarki za ta zo, ku zauna ku biyu, ya tambaye ka abin da ka yi shekara goma sha bakwai kana gudu.

Ba na ce ka hau ba, ba na ce kada ka hau ba. Ban san ƙwallo ba. Amma kada ka yi wa kanka ƙarya a kan wannan.

Yayarka,
Earline

*

Opelousas, 20 ga Afrilu

Clovis,

Kullum sai na fita akwatin wasiƙu, babu komai sai takardar kamfanin lantarki. In fushi kake da ni, ka yi, amma ka rubuta ka ce kana lafiya.

Da ba zan sake rubutu ba, sai don abin da na gani. Jiya ina gyara ɗakinsa na buɗe kabad, na sami rigar sanyi a can baya, sabuwa a ledarta, irin mai kaurin nan da hula a jiki. Takardar shago tana aljihu, watan Janairu ya saye ta. Wa ke sayen irin wannan rigar a Louisiana? Sai na tuna a Kirsimeti ya tambaye ni, kamar da wasa, wai sanyin Omaha yana kai yaya, na ce ina na sani. Ka ga tun kafin Halvorsen ɗinka ya buɗe baki, yaron ya riga ya yi nasa lissafin. Da ya koma makaranta bai tafi da ita ba.

Na yi ta juya ko in gaya maka ko in bari. Na ga in za ka auna, gara komai ya hau ma'auni. Ranar Lahadi zai zo nan, a falona zai jira kiran. Verna za ta zauna ta gefen kunnena mai ji ta riƙa faɗa min abin da talabijin ke cewa.

Yayarka,
Earline

*

Omaha, 27 ga Afrilu

Yaya Earline,

Ina lafiya, ba fushi nake ba. Wasiƙunki biyu sun zo. Na fara amsa sau huɗu ina yagawa, don ban sami amsar tambayarki ba sai ranar Lahadi. Ya ƙafa? Na san falonki ya sha mutane.

Kin ga abin da ya faru ta talabijin, bari in gaya miki abin da ba a nuna ba. Tun hantsi muna ɗakin zaɓe, mu goma sha huɗu, sunayen yara a jere a bango. Wasiƙarki ta maganar rigar tana aljihuna. Aka ɗauki na ɗaya, na biyu, na uku, Renard yana nan. Kowace ƙungiya minti goma sha biyar ake ba ta. Agogon masu gurbi na huɗu yana fara tafiya wayar Halvorsen ta yi ƙara. Ya saurara, ya rufe bakin wayar da hannu, ya ce, "Farashi bai sauya ba. Har da Stroud. Clovis?"

A al'adarmu in mutum ya tsaya wa yaro, miƙewa yake tsaye ya faɗi sunansa, kowa ya shaida. Duk ɗakin suka juyo suna jira in miƙe. Wani ma har ya ja kujerarsa baya ya ba ni wuri. Yaya, ƙafafuna sun so su tashi. Na ga gidan, na ga tukunyar a kan wuta, na gan shi yana shigowa da rigar nan yana kakkaɓe ƙanƙara daga kafaɗa. Sai na dubi bango inda sunayen biyar ɗinmu na gaba suke, na cire Stroud a zuciyata, na dubi abin da ya rage.

Na ce, "Shi ne mai jifan da ya fi kowa a cikin duk waɗanda na taɓa dubawa. In ka kawo shi bayan waɗannan, nan da shekara uku matarsa ce za ta riƙa ɗaure masa takalmi. Kada ka hau." Halvorsen ya ce, "Ɗanka ne fa." Na ce, "Shi ya sa." Ya dubi agogo, saura minti shida, sannan ya ce wa wayar mun gode. Masu na huɗu suka ɗauki wani. Portland ba su ɓata ko minti biyu ba, suka ɗauki Renard. Na ga falonki a talabijin, na ga labulen Mama, na gan shi ya sunkuya ya rungume ki. Da aka zo na sha bakwai muka ɗauki wani ƙaton yaro daga Iowa da zai tsaya kusa da Stroud. Aka yi ta ba ni hannu ana cewa na yi aikin ƙwararru. Na fita na zauna a mota tare da tukunyar.

Ga amsar tambayarki. Duka biyun ne. Ina tsoron ranar Litinin ɗin nan, kin faɗi gaskiya, kuma da na ce kada a hau, wani ɓangare na zuciyata ya sami sauƙi, na ji kunyar hakan. Amma na auna abin ba tare da tsoron ba, na sake aunawa da shi, amsar ba ta sauya ba. Na fi so ya ƙi ni da hannu biyu masu lafiya. Jiya na mayar wa mai gidan makullin da ya bar min tun ranar da na duba shi.

A cikin kunshin nan akwai littafi mai baƙin bango. Shi ne nake zuwa da shi wasannin Renard, duka goma sha ɗayan. Ba na ƙungiya ba ne, nawa ne. A ɗakin gilashi in ka yi tafi fitar da kai ake yi, ni kuma in na ci gaba da kallonsa a lokacin da fili ke ihu, na san ba zan iya riƙe bakina ba. Shi ya sa nake sunkuyawa. Ki ba shi in zai karɓa. In ya ƙi, ki sa a kabad kusa da rigar.

Ƙaninki,
Clovis

*

Opelousas, 11 ga Mayu

Baba,

Ina fatan kana lafiya. Ni lafiya, Goggo ma lafiya, sai dai ta ƙi zama ta huta. Jibi zan tashi zuwa Portland. Ban saba rubuta wasiƙa ba, ka yi haƙuri da yadda ta fito.

Littafin ya yi kwana tara a kan teburin kicin. Kullum in na zo cin abinci sai in ga Goggo ta matso da shi kusa da farantina. Ranar Juma'a na buɗe. Na ɗauka zan ga abin da na saba ji, ƙafarsa ta baya tana makara, yana riƙe ƙwallo da yawa. Akwai waɗannan, kuma ka yi gaskiya a kan ƙafar. Amma ban san da rubutun gefe ba. Duk inda na yi jifa aka ci, ka rubuta "ɗana ne" a gefen shafi. Na ƙirga, sau talatin da ɗaya. A wasanmu na ƙarshe, jifan nan na saura daƙiƙa tara, ka danna biro har ya huda takardar. Na daɗe a kan wannan shafin.

Na karanta takarda ta biyun ma. Ranar Litinin na je na ga biyar ɗin da za su tsaya a gabana, ta kaset. Na gane abin da kake nufi. Amma ban ce na yarda ka yi daidai ba. Jikina ne, da ka tambaye ni. Wataƙila da na ce a hau, in ɗauki dukan, in dai zan riƙa ganinka a wajen atisaye. Wataƙila da na ce kada a hau. Ba ka tambaya ba, kuma wannan yana nan a raina, ba zan ɓoye maka ba. Akwai wasu tambayoyin ma, suna da yawa, kuma ba a takarda zan yi su ba.

An ce kowane ɗan wasa yana da kujera biyu a wajen iyali. Ɗaya ta Goggo ce. Wasanmu na farko a filinmu na Portland ranar Lahadi ta biyu ce a Satumba, na san ranar Asabar kake aiki, akwai jirgin safe. Ka kwana har Litinin, ba mu da atisaye. Ka zo da tukunyar, Goggo za ta dafa, ta ce kai wanke wake kawai za a ba ka. Ka bar agogon awo da littafin aiki a Omaha. Wajen da za ka zauna babu gilashi.

Rigar sanyin na sa ta a jaka. An ce can ma ana ruwa.

Ɗanka,
Renard

Clovis, ni ce, ya bar min wuri a ƙasa. Na gaya masa ban taɓa hawa jirgi ba, ya ce ai kai ma ba ka taɓa zama a kujerar iyali ba, sai mu koya tare. Sharaɗina ɗaya ne. Ta hagu za ka zauna min, gefen kunnen da ya rage. Ihun mutum dubu sittin bai dame ni ba, naka nake so in ji.

Earline